An Ce Mata Kada Ta Yi Barci, Ta Ƙi Ji: Nazarin Wata Laftof Mai Kulle Kanta

Yayata ce ta kawo ƙarar, ta waya. Sana'arta fassara da gyaran rubutu, don haka yini take yi a gaban laftof. Wani lokaci tana bugawa ba ƙaƙƙautawa, wani lokaci kuma ta buɗe shafi a allo ta tsura masa ido tana kwatanta shi da takardar da ke hannunta, ta yi minti 10 ba ta taɓa madanni ko ɗaya ba.

"Auta," in ji ta, "kwamfutar nan ta kai ni maƙura. Na ce kada ta yi barci, duk inda ake saitawa na saita, amma da na ɗauke hannu sai ta mutu. Yau kaɗai ban san sau nawa na rubuta kalmar sirri ba."

Na ce, "Yaya, kin saita na batir da na caja duka? Kowanne da gurbinsa." Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe. Windows tana ajiye lokuta kala biyu, na sa'ad da kwamfuta ke jone da wuta da na sa'ad da take kan batir, kuma idan bakin caja ya yi sako-sako sai ta koma bin na batir ba tare da mai ita ya lura ba. Ta turo min hoton shafin saitin wuta. Gurabe huɗu ne, kashe allo biyu, barci biyu, kuma duk huɗun an rubuta Never, wato kada ta taɓa yi. Ta yi nata.

Laftof ɗin tana ɗauke da Windows 11 Pro, da Turanci take, shi ya sa zan riƙa kawo sunayen saituna yadda suke a rubuce a allo. Tata ce ta kanta, da kuɗinta ta saya, babu ofishin da ya ba ta. Wannan magana ta ƙarshe ta rufe min ido na wani lokaci.

Maganin da na bayar kafin in ga ciwon

Ina da amsa a aljihu, kuma ita ta fara cinye mana kwana biyu. Akwai wani ɓoyayyen saiti mai suna System unattended sleep timeout. Idan kwamfuta ta farka ba da hannun mutum ba, misali agogonta na ciki ya tashe ta don wani aiki da aka tsara ko wani saƙo ta netwok ya taɓa ta, sai a ba ta minti 2 ta gama ta koma ta kwanta. Dabara ce mai kyau, don kada ta kwana a kunne babu kowa a gabanta. Sai dai wani lokaci takan ɗauki farkawar da mutum ya jawo a matsayin irin waccan, yana zaune ta ɓingire bayan minti 2, kuma wannan lokacin babu ruwansa da Never ɗin shafin wuta. Na taɓa cin karo da shi a wasu kwamfutoci, na gyara ya yi. Don haka da jin "ta ƙi bin saiti" sai zuciyata ta ruga can.

Na tura mata umarnin da ke fito da shi fili, ta liƙa a Command Prompt, tagar da ake rubuta wa Windows umarni, da izinin mai gudanarwa:

powercfg -attributes SUB_SLEEP 7bc4a2f9-d8fc-4469-b07b-33eb785aaca0 -ATTRIB_HIDE

Ya bayyana a ƙarƙashin Sleep cikin manyan saitunan wuta, ta mai da shi 0, na ce mata an gama. Bayan kwana biyu sai ga saƙonta: "Likita, mara lafiyarka tana nan yadda ka bar ta."

Tambaya biyu ya kamata in yi tun farko, ban yi ko ɗaya ba. Bayan minti nawa abin yake faruwa? Kuma me ake fara gani a allo?

Kalma ɗaya, abubuwa uku

Idan mutum ya ce kwamfutarsa "ta mutu" ko "ta yi barci", abu uku zai iya nufi, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Allo zai iya mutuwa alhali komai na ci gaba da aiki a ciki, da an taɓa linzami hoto ya dawo. Kwamfutar kanta za ta iya kwanciya, ayyukan da ke gudana su tsaya ko su ragu ƙwarai. Sannan za ta iya kullewa, wato tana farke sarai amma ta sa labule ta ce sai an kawo kalmar sirri. Shafin wuta biyun farko kaɗai yake mulka. Kullewa harkar tsaro ce, kuma masu riƙe da makullinta suna zaune a wasu ɗakuna daban, ba su ma san an rubuta Never a wani wuri ba.

Na ce ta ɗauki wayarta ta buɗe agogon auna lokaci, ta taɓa linzami sau ɗaya, ta danna agogon, ta naɗe hannu ta zuba ido. Ta yi haka sau 4. Kowane karo minti 5 cif, kuma abin da ke fara fitowa hoton kullewa ne mai agogo da kwanan wata. Sai an ƙara minti 1 allon yake yin baƙi.

Wannan ɗan gwaji ya fi duk abin da na yi a kwana biyun baya amfani. Ya wanke saitin da na zarga, tunda nasa minti 2 ne. Ya nuna cewa kullewa ce ke fara zuwa, duhun yana biyo baya. Minti 1 ɗin nan ma na san shi: wani ɓoyayyen saiti ne, Console lock display off timeout, wanda ke kashe allo daƙiƙa 60 bayan an kulle, ko da an ce allo kada ya mutu har abada. Kuma lokacin da yake zuwa cif-cif ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, wani ne ya rubuta shi a wani wuri. Ruwa ba ya tsami banza.

Har na fara murna sai ta ƙara da cewa, "Amma fa ba shi ke nan ba. Wani lokaci ina cikin bugawa, hannuna a kai, take ɗaukewa ɗif."

Gaskiya ban yarda ba. Na ɗauka haushi ne ya sa take ƙara gishiri, don babu wani agogon rashin motsi da zai kulle kwamfuta ana cikin danna ta. Na ce zan zo in gani da idona.

Abin da kundin ya ce

Da na zauna gaban laftof ɗin ban taɓa saiti ko ɗaya ba. Event Viewer na buɗe, kundin da Windows ke rubuta duk abin da ya same ta da lokacinsa har daƙiƙa. A ɓangaren System na tace ya rage saƙonnin Kernel-Power kawai, na nemi lamba 42, wadda ake rubutawa idan kwamfuta za ta kwanta, tare da dalilin kwanciyar. Cikin wata guda 'yan ƙalilan na samu, duk da tsakar dare. Saura kaɗan in ce mata kwamfutarki ba ta barci da rana sam.

Umarnin powercfg /a ne ya tsayar da ni. Yana lissafa irin barcin da kwamfuta ta iya, kuma abin da ya nuna shi ne Standby (S0 Low Power Idle), S3 kuwa ya ce babu. Tun 1996 da Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar ACPI aka kasa halin kwamfuta zuwa matakai, daga S0 da take aiki har S5 da take kashe. Barcin da muka saba da shi S3 ne: komai ya tsaya, a bar wa ƙwaƙwalwar RAM 'yar wutar da za ta riƙe abin da ke cikinta. S4 shi ne a juye abin da ke RAM a faifai a kashe gaba ɗaya. Daga Windows 8 a 2012 aka shigo da wani salo irin na wayar hannu, wanda daga baya a Windows 10 ya zama Modern Standby. A wannan salon kwamfuta ba ta barin S0, lumshe ido kawai take yi tana rage shan wuta a hankali, kuma shigarta wannan hali yana farawa ne daga mutuwar allo. Lambobinsa a kundi daban suke: 506 idan ta shiga, 507 idan ta fito. Ashe 42 ɗin da na gani na dare ne, lokacin da take wucewa S4.

Na sake tacewa da 506 da 507, sai ga shafi ya cika. Kowane layi da dalilinsa a rubuce, kuma dalilan da rana iri biyu ne. Wasu sun ce Idle Timeout, wato cikar lokacin rashin motsi. Wasu kuma sun ce Lid, wato murfi. Ga irin abin da na riƙa gani:

10:14:07, 506, Reason: Lid
10:14:10, 507, Reason: Lid

An rufe murfi, bayan daƙiƙa 3 an buɗe. Safiya ɗaya na ƙirga irin waɗannan tagwaye guda 9. Na juya na ce, "Yaya, ki yafe ni, gaskiyarki ce." Ta ce dama ai ba ta saba yi min ƙarya ba.

Ciwo biyu ne ke nan a jiki ɗaya, kuma dukansu a ƙofa ɗaya suke ɓullowa, wato neman kalmar sirri. A Sign-in options an saita cewa duk lokacin da allo ya mutu ya dawo a nemi kalmar, shi ya sa ko duhun daƙiƙa 3 sai ta sake rubutawa. Ita da ke zaune a gaban allo babu yadda za ta raba su.

Don in riƙa ganin kullewar ita ma a rubuce, na kunna binciken da ke kashe a kwamfutar tata:

auditpol /set /subcategory:"Other Logon/Logoff Events" /success:enable

Da wannan kundin Security zai riƙa rubuta 4800 idan an kulle, 4801 idan an buɗe. Ba ya faɗin abin da ya jawo kullewar, asusun da aka kulle da lokaci yake bayarwa, amma lokacin ya isa. Muka bar ta ta kulle kanta sau ɗaya: 4800, sai bayan minti 1 ga 506 da Idle Timeout. Abin da agogon waya ya faɗa, kundi ya maimaita.

Minti 5 cif

Na fara da wannan don shi ne mai awo. Masu iya kulle Windows ba tare da sanin shafin wuta ba sanannu ne, na bi su da sauri. Tsohon mai kare allo, Screen saver, har yanzu yana nan a lungu da agogonsa da akwatin On resume, display logon screen. Nata a kashe yake, akwatin babu alama. Dynamic lock, wanda ya shigo Windows 10 a 2017, yana kulle kwamfuta idan wayar da aka haɗa ta Bluetooth ta yi nisa. Shi ma a kashe, kuma ko a kunne yake ba zai ba da minti 5 daidai kullum ba, don da ƙarfin siginar waya yake aiki. Wasu sababbin laftof suna da sensa mai gane ko akwai mutum a gabansu, su kulle idan ya tashi, ta hanyar Windows 11 ko ta manhajar kamfanin da ya ƙera su. Tata ba ta da shi.

Saura dokokin tsaro. Na buɗe secpol.msc, na bi Local Policies zuwa Security Options, na gangara har Interactive logon: Machine inactivity limit. Ga shi nan baro-baro: daƙiƙa 300. Wannan doka ta zo ne da Windows 8, kuma a rajistar Windows, inda take ajiye saitunanta na ciki, sunanta InactivityTimeoutSecs, a ƙarƙashin HKLM\SOFTWARE\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Policies\System. A kwamfutar gida da ba a taɓa ba, ba a saita ta. Shawarar tsaro da Microsoft ke bai wa ma'aikatu ita ce 900, minti 15 ke nan. Wanda ya sa 300 ya tsananta da gangan.

Na tambaye ta ko ita ta sa. Ta kalle ni kamar na yi mata yaren aljanu. Na mai da shi 0, na sake kunna kwamfutar don dokar sai an sake kunnawa take kama aiki, muka naɗe hannu minti 12. Allo tar, babu kullewa. A nan na yi kuskure na biyu: na ga lamba, na goge, ban tsaya neman hannun da ya rubuta ta ba. Na ce wa raina wataƙila wata manhaja ce ta taɓa sawa ta tafi ta bari.

Murfin da babu wanda ya rufe

Wannan ne ya fi ɗaure min kai. Zargina na farko ya tafi kan kayan ciki: ko sensar murfi ta lalace, ko wayar da ke bi ta cikin mahaɗin murfi ta fara yankewa, ko direba, wato 'yar manhajar da ke haɗa sensar da Windows, ce ke kawo saƙon ƙarya. Na riƙa kaɗa murfin gaba da baya, na kwantar da shi har ƙarshe, na ɗan ƙwanƙwasa gefen allo, na ɗaga laftof ɗin na karkata ta. Ko gezau. Na zauna na yi ta bugawa kusan awa guda, har da danna wurin ajiye hannu da ƙarfi. Kundin bai rubuta Lid ko ɗaya ba.

Na tashi na ba ta kujerar na ce ta yi aikinta yadda ta saba, ta manta ina nan. Ba a yi minti 10 ba allo ya ɗauke. Ta ɗaga hannu biyu sama ta ce, "Ka gani ko?" Kafin ta rufe baki allon ya dawo, yana neman kalmar sirri.

Ɗaga hannun nan nata na tsaya a kai. Duhu ya zo hannunta yana ƙasa, haske ya dawo da ta ɗaga. Na dubi hannun hagunta. Agogo ne mai madaurin ƙarfe saƙaƙƙe, irin wanda ba shi da huda, bakinsa kawai ake naɗowa ya manne. A jikin bakin kuwa ga wani ɗan kilif na takarda yana lilo, ya maƙale tun daga tarin takardun da take dubawa, ita ba ta ma sani ba.

Yawancin laftof ba su da maɓallin da murfi ke dannawa idan an rufe. Ɗan maganaɗisu ake ɓoyewa a gefe ɗaya, a sa sensa a ɗaya gefen daidai inda za su haɗu. Sensar tana aiki ne da abin da Edwin Hall ya gano a 1879 yana ɗalibi a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka: idan maganaɗisu ya kusanci ƙarfen da lantarki ke bi ta cikinsa, yakan karkatar da lantarkin gefe guda har a iya auna bambancin. Sensar ba ta san murfi ba, ba ta san agogo ba. Maganaɗisu ta sani. Da ya matso sai ta aika cewa an rufe, Windows kuma ta yi abin da aka ce ta yi idan an rufe murfi, kuma wannan saitin ma ba ya cikin gurabe huɗun nan.

Na cire kilif ɗin na bi gefen allo da shi a hankali. A ɓangaren hagu, kusa da sama, ya manne. Idan aka rufe murfin, wannan wurin yana sauka ne daidai gefen hagu na wurin ajiye hannu, inda wuyan hannunta ke kwanciya duk lokacin da ta miƙa ɗan yatsa zuwa Ctrl. Mai gyaran rubutu kuwa rayuwarta Ctrl ce, kwafa da liƙawa da adanawa. Na karɓi agogon na ɗora bakin madaurin a wurin, allo ya mutu. Na ɗauke, ya dawo. Sau 5 muka yi, sau 5 kundin ya rubuta Lid. Da na koma baya cikin kundin, tagwayen layukan nan sun fara ne mako 3 da suka wuce. Ta yi shiru tana lissafi, sai ta ce lokacin ne ta canja madauri.

Ta tambaya ko ba za a iya ce wa kwamfutar ta daina kula murfi ba. Ana iyawa, a Control Panel akwai Choose what closing the lid does, a zaɓi Do nothing. Na hana ta saboda dalili biyu. Ko an zaɓi haka, allon laftof yakan mutu idan sensa ta ce an rufe, don haka ƙiftawar ba lallai ta daina ba. Na biyu ya fi muni: ranar da ta rufe murfi ta jefa laftof a jaka, a kunne za ta tafi tana dafuwa a ciki babu iska. Cire agogo lokacin bugawa ya fi sauƙi. Ta cire ta ajiye can gefe, muka rabu a kan an gama.

Tsugune ba ta ƙare ba

Washegari da hantsi ta kira. "Ɗaukewar nan ta daina. Amma ta minti 5 ta dawo."

Na sa ta buɗe secpol.msc ta karanta min. 300. Wani ya shigo cikin dare ya mai da abin da na goge.

Abu biyu ne suka saba yin haka. Kwamfutar da ke cikin domen na ofis, wato rukunin kwamfutocin da ofis ke mulka daga wuri ɗaya, tana karɓar dokokin da ake kira Group Policy duk minti 90, da ɗan ƙarin jinkiri da ba ya wuce minti 30, kuma dokokin kan iya shafe canjin da aka yi da hannu. Na duba da gpresult /r, babu wata doka daga waje, kuma dama laftof ɗin ba ta cikin domen kowa. Na biyu shi ne tsarin kula da na'urori ta intanet, irin su Intune, wanda kwamfutar Windows ke leƙawa kusan duk awa 8 ta karɓo umarni. Mun goge lambar da yamma, ta dawo kafin safiya. Lissafin ya yi daidai da wannan. Amma wa zai kula da kwamfutar da ba ta ofis ba?

Amsar tana Settings, ƙarƙashin Accounts, a Access work or school. Akwai asusu guda a jone, na wata ƙungiya da ta ba ta aikin kwangila wajen mako 5 baya, suka buɗe mata imel nasu. Da ta danna Info sai ga jerin ɓangarorin da ƙungiyar ke iko da su a kwamfutarta, har da dokokin tsaro.

"Ni ban ba kowa kwamfutata ba," in ji ta.

Na ce, "Ranar da kika sa imel ɗinsu a Outlook, wani shafi bai fito yana cewa Stay signed in to all your apps ba?"

Ta tuna. A shafin akwai akwati mai cewa Allow my organization to manage my device, wato a bai wa ƙungiya ikon kula da na'urar, da alama a cikinsa tun fitowarsa, a ƙasa kuma akwai zaɓin No, sign in to this app only, wato a shiga wannan manhajar kaɗai. Ta danna OK kamar yadda kusan duk mai sauri zai danna. Daga wannan dannawar laftof ɗinta ta shiga sahun na'urorin ƙungiyar, duk dokar da suka ɗora wa ma'aikatansu ta hau kanta.

Ban ga laifin ƙungiyar ba. Takardunsu ne a cikin kwamfutar, kuma laftof da aka bari a buɗe a tebur ƙofa ce ga duk mai wucewa. Minti 5 ya yi tsanani ga mai karatu a allo, amma hakkinsu ne su zaɓa wa kayansu. Shi ya sa da ta ce ta ji akwai 'yar manhaja ko 'yar na'ura mai motsa linzami don kwamfuta ta ɗauka akwai mutum, na ce a'a. Wannan zagaye dokar mutanen da suka amince maka da sirrinsu ne, kuma ba ya cire hannunsu daga kwamfutar, yana rufe alamar ne kawai. Goge lambar kullum safiya ma wasan ɓuya ne da injin da ba ya gajiya.

Maɓallin Disconnect yana nan a gabanta, amma na ce ta dakata. Cire asusu irin wannan yakan tafi da imel da manhajojin da ƙungiyar ta sa. Sannan akwai BitLocker, tsarin Windows mai kulle bayanan da ke cikin faifai. Idan faifan a kulle yake da shi, mabuɗin ceto mai lambobi 48 zai iya kasancewa a asusun ƙungiyar aka ajiye, kuma wanda ya yanke alaƙa bai riƙe kwafi ba, ranar da kwamfuta ta nemi mabuɗin zai tsaya a ƙofar kayansa ba shiga. Muka duba da manage-bde -protectors -get C:, faifan kuwa a kulle yake. Ta kwafe lambobin 48 a takarda, ta karanta min su sau biyu ina bi, ta adana takardar nesa da laftof ɗin.

Bayan nan ta rubuta wa mai kula da kwamfutocin ƙungiyar, ta ce laftof tata ce, ta shiga tsarinsu bisa kuskure, me ya kamata ta yi. Amsar ba ta daɗe ba. Ya ce ba a buƙatar 'yan kwangila su sa na'urorinsu a ciki, ta riƙa buɗe imel da takardu ta burauza, shi zai cire ta daga ɓangarensu. Da ya cire ta duba Access work or school, wayam. Lambar 300 kuwa tana nan zaune, don wasu dokoki sukan bar sawunsu ko bayan mai su ya tafi. Wannan karon da aka canja ta ta zauna.

Ba 0 muka sa ba. Ita da kanta ta ce tunda yanzu ta san amfaninsa, a bar shi amma a ba ta sarari. Muka sa 900. Shafi mafi tsawo da take dubawa ba ya kai ta minti 15 ba ta gangara ƙasa ba. Ni kuma na koma kan ɓoyayyen saitin da na sa ta mai da 0 ranar farko, na mai da shi minti 2 yadda yake, don kada wata rana laftof ta farka da kanta cikin jaka ta ƙi komawa.

Bayan mako ɗaya

Na sa ta turo min kundin. InactivityTimeoutSecs yana 900, ya wuce awa 8 sau da yawa bai motsa ba. Layukan 4800 sun koma 'yan kaɗan a yini, yawancinsu ita ta kulle da maɓallan Windows da L kafin ta tashi. Lid kuwa sau ɗaya ko biyu a rana, da tazarar awoyi tsakanin rufewa da buɗewa, kamar yadda murfin gaske yake yi.

Sai layi biyu ranar Laraba da suka fita daban: 506 da ƙarfe 11:42:18, 507 da 11:42:20, duka Lid. Na tambaye ta ko ta manta ta bar agogon a hannu. Ta ce tun ranar nan ba ta sake bugawa da shi ba. Ta ɗan yi tunani, sai ta fashe da dariya. Akwatin 'yan kunnen sauraronta ne, mai murfin maganaɗisu. Ta ɗora shi a gefen hagu na laftof ɗin za ta amsa kira, allo ya ɗauke, ta janye shi da sauri kafin ma ta gama gane abin da ta yi.